Raunin da Ba Ya Zub da Jini: Firgici da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara a Bagudo da Bakin Iyakar Benin

Gabatarwa

Idan ambaliya ta janye, ko 'yan bindiga suka fice daga gari, hukuma kan aiko da jami'anta su ƙididdige ɓarna: gidaje nawa suka rushe, kadada nawa ta shinkafa ruwa ya shanye, shanu nawa aka kora, mutum nawa aka binne. Amma akwai wata ɓarna da ba a cika sa ta cikin lissafi ba, wato abin da ya sami zukatan yara da matasan da aka yi komai a kan idonsu. Yaro kan fito daga musiba ba ko ƙwarzane a jikinsa, a yi hamdala, alhali kuwa ya daina barci, ya daina wasa, karatu ya daina zama a kansa. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa mai karatu abin da kimiyya ta gano game da wannan rauni: yadda yake aukuwa a cikin jiki, alamominsa, abin da ke tsananta shi, da abin da iyaye da malamai za su iya yi. Za mu ɗauki Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi a matsayin misali, domin a can musibu iri-iri sun haɗu a wuri guda.

Ƙasar da Abin da Ya Same Ta

Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, a yammacin Jihar Kebbi, kuma Kogin Kwara, wato Neja, ya ratsa ta. A cikinta ake samun garuruwa irin su Illo da Lolo da Ka'oje da Zagga da Tsamiya. Daga Tsamiya mutum kan tsallaka zuwa Segbana ta lardin Alibori a Jamhuriyar Benin. Hausawa da Fulani da Dandawa da Busawa da Kengawa suna zaune a ɓangarorin iyakar biyu, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Noman shinkafa a fadama da su da kiwo da fatauci su ne ginshiƙan rayuwarsu.

Musiba ta farko ita ce ruwa. Ambaliyar 2012 da ta 2020 da ta 2022 duk sun taɓa garuruwan bakin kogi a Jihar Kebbi. Ta 2020 ta yi muni ƙwarai, domin rahotannin lokacin sun ambaci kadada wajen 450,000 na shinkafa da ruwa ya lalata a jihar, kuma Bagudo na cikin ƙananan hukumomin da abin ya shafa. A irin wannan hali iyalai kan koma makarantun firamare da zama, wanda ke nufin an rasa gida, an kuma rasa aji a lokaci guda.

Ta biyu ita ce rashin tsaro. A watan Nuwamba na 2024 rundunar sojan Nijeriya ta bayyana ɓullar ƙungiyar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi, a cikin watan ne kuma aka kashe mutum 15 a garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie. A ƙarshen Oktoba na 2025 'yan bindiga suka sace mataimakin kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kebbi a cikin garin Bagudo, a watan Nuwamba na shekarar kuma aka kai hare-hare kan jami'an kwastan da na shige da fice a yankin Maje. A ɗaya ɓangaren iyakar ma ba a tsira ba: gwamnatin Benin ta tabbatar da mutuwar sojojinta 54 a harin da aka kai ranar 17 ga Afrilu, 2025, a gandun daji na W da ke arewacin Alibori. Ga kuma satar ɗalibai, wadda ta fi komai tsaya wa 'yan makaranta a rai: ta Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni, 2021, da ta makarantar 'yan mata ta Maga ranar 17 ga Nuwamba, 2025. Waɗannan garuruwa biyu ba a Bagudo suke ba, amma labarinsu ya isa kowane ɗakin kwanan ɗalibai a jihar.

Ta uku ita ce tsinkewar hanyar abinci. Rufe iyakokin ƙasa da Gwamnatin Tarayya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya taɓa duk wanda ke ci daga zirga-zirgar bakin iyaka. Uban da sana'arsa ta tsaya yakan dawo gida da ƙunci, kuma yara ne ke fara ɗanɗana ƙuncin nan.

Abin da Ke Faruwa a Cikin Jiki

Allah Ya halicci ɗan Adam da wani tsari na kare kai daga haɗari. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai siffar ƙwayar gyaɗa da masana ke kira amigdala, wanda aikinsa tamkar na mai gadi ne. Da zarar ido ko kunne ya kawo alamar haɗari, sai amigdala ta aika saƙo tun kafin mutum ya yi tunani. Saƙon kan kai ga wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuma su zuba sinadarin adirinalin a cikin jini. Nan take zuciya ta shiga bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya karkata zuwa tsokokin hannu da ƙafa, yawu ya bushe, ciki ya daina narka abinci. Bayan 'yan mintoci sai wani sinadarin mai suna kotizol ya biyo baya, ya saki sukari cikin jini domin jiki ya sami ƙarfin jurewa. Wani masani Ba'amurke, Walter Cannon, shi ya bayyana wannan tsari a 1915, ya nuna cewa yana shirya dabba ne ga ɗayan biyu: faɗa ko gudu. Daga baya aka fahimci akwai na uku, wato sandarewa wuri guda, kamar yadda zomo kan yi idan shaho ya gifta.

Wannan tsari rahama ne, domin shi ke fitar da yaro daga ɗakin da ruwa ya fara ci. An yi shi ne ya tashi na ɗan lokaci sannan ya kwanta. Matsala kan zo ne idan haɗarin ya yi tsanani ƙwarai, ko ya yi ta maimaituwa, har mai gadin nan ya kasa komawa ya zauna. Sassa biyu na ƙwaƙwalwa ne ya kamata su kwantar da shi. Na farko shi ne hifokamfas, wanda ke adana abin da ya faru tare da lokacinsa da wurinsa, ya shaida wa mutum cewa wannan abu ya wuce. Na biyu shi ne sashen gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, mai kula da tunani da kame kai. Idan firgici ya yi yawa, ajiyar abin da ya faru takan zo a yayyage: ƙarar babur, warin hayaƙi, sanyin ruwa a ƙirji, ba tare da hatimin lokaci ba. Shi ya sa yaron da ya ga mahara a kan babura yakan zabura idan ɗan kabu-kabu ya wuce, jikinsa ya ɗauki rawa kamar yau abin ya faru. Bahaushe ya riga ya lura da wannan da ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Dalilin da ya sa abin ya fi shafar yara shi ne, sashen gaban ƙwaƙwalwa ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Wato yaro yana da cikakken mai gadi, amma mai kwantar da shi bai gama girma ba. Saboda haka yakan ari natsuwar babba: ya dubi fuskar uwarsa, ya saurari muryar ubansa, daga nan ya gane ko akwai haɗari ko babu. Wannan batu shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya a darasinmu.

Alamomi Gwargwadon Shekaru

Yara ƙanana, 'yan ƙasa da shekara 6, ba su da kalmomin da za su faɗi abin da ke damunsu, sai jikinsu ya faɗa. Sukan liƙe wa uwa, su yi ta kuka in ta gusa. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, wanda ya fara magana ya yi shiru. Sukan kuma maimaita abin da suka gani cikin wasa, kamar a ga yaro yana ta gina gida da ƙasa yana kwarara masa ruwa.

'Yan shekara 6 zuwa 12 kan yi fama da mugun mafarki da ciwon kai da ciwon ciki wanda awo a asibiti ba ya nuna dalilinsa. A aji hankalinsu ba ya tsayawa, a makarantar allo hadda ta ƙi zama. Da yawa sukan ɗora wa kansu laifi a asirce, misali yaro ya ƙudurta cewa da bai yi barci ba da ba a kore shanun ba.

Matasa kuwa sukan nuna abin ta fuska biyu. Wani ya janye daga abokai, ya daina cin abinci sosai, ya yanke ƙauna daga gobe. Wani kuma ya zama mai saurin fushi da neman faɗa da ganganci. A nan ne ƙwaya kan shigo, domin saurayin da ya kasa barci yakan nemi abin da zai kashe masa tunani. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya kiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma taramol da maganin tari mai kodin na cikin waɗanda aka fi sha. Saurayin da ke ɗauke da fushi da son ramuwa, ga shi ba makaranta ba sana'a, shi ne kuma wanda masu ɗauke da makamai suka fi samun sauƙin ja.

Dole a rarrabe abu biyu. A makonnin farko bayan musiba, yawancin waɗannan alamomi martani ne na lafiyayyen jiki, kuma sukan lafa da kansu. Idan suka wuce wata guda, suna kuma hana yaro harkokinsa na yau da kullum, likitoci kan yi zargin ciwon firgicin bayan musiba, wanda suke taƙaita sunansa da PTSD. An shigar da shi kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka a 1980, bayan abin da aka gani a wurin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Ginshiƙansa huɗu ne: dawowar abin da ya faru a farke ko a mafarki, guje wa duk abin da ke tuna shi, baƙin tunani game da kai da duniya, da zama cikin ɗar-ɗar kullum. Ciwon damuwa mai tsanani kuma ana zarginsa ne idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka ɗore mako biyu ko fiye.

Yawan Masu Fama

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a mujallar likitanci ta Lancet, wanda ya nuna cewa kashi 22 cikin 100 na mazauna wuraren da rikici ya shafa suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar. Daga ciki, kashi 13 nasu mai sauƙi ne, kashi 4 matsakaici, kashi 5 kuma mai tsanani. Hukumar ta kuma kiyasta cewa ko ba rikici, ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 a duniya yana da irin wannan larura. Idan muka auna wannan da ajin da ke da ɗalibai 60 a garin da aka kai wa hari, ba abin mamaki ba ne a sami goma ko fiye da ke bukatar kulawa. Amma alƙaluman suna da wani albishir: mafi yawan mutane suna farfaɗowa. Tambayar da ta fi amfani ita ce, me ke sa wani ya farfaɗo wani ya kasa?

Abin da Ke Kare Yaro

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun kula da yara a gidajen reno da suka buɗe a Landan, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai. Abin da suka lura da shi, suka kuma wallafa a 1943, shi ne rabuwa da uwa ta fi girgiza ƙaramin yaro fiye da ƙarar bom, kuma yaron da uwarsa ta natsu yakan natsu. A nan Afirka ta Yamma, wata masaniya mai suna Theresa Betancourt ta fara bin rayuwar yaran da aka tilasta wa shiga yaƙin Saliyo tun daga 2002. Ta gano cewa waɗanda danginsu da garinsu suka karɓe su hannu bibbiyu, suka kuma koma makaranta, sun fi samun sauƙi, waɗanda aka tsangwama kuwa larurarsu ta daɗe. Wannan darasi ne babba game da 'yan matan da suka dawo daga hannun masu garkuwa: habaici da nuni da baki na iya zama musiba ta biyu da ta fi ta farko daɗewa.

Bincike ya kuma nuna cewa wahalhalun yau da kullum da ke biyo bayan musiba, irin su yunwa da cunkoso a matsuguni da faɗan iyaye da rashin makaranta, suna da tasiri mai girma a kan lafiyar ƙwaƙwalwar yaro, ba abin da ya gani a ranar kaɗai ba. Ta wannan fuska mutanen Bagudo suna da wata dukiya, wato zumunci. Iyalin da ruwa ya kora daga bakin kogi sau da yawa suna da 'yan'uwa a tudu, wani lokaci ma a tsallaken iyaka, kuma yaron da ya sauka gidan gwaggonsa ya fi wanda ya sauka cikin baƙi samun kwanciyar rai. Sallar jam'i da zaman ta'aziyya da gayya da dandali duk suna maido wa yaro da jin cewa duniya tana nan a kan tsarinta.

Sai dai al'ada tana da ɗaya gefen. Kunya da kawaici, waɗanda Fulani ke girmamawa a cikin fulaku, kan hana matashi faɗin abin da ke cinsa. Kalmar "haƙuri" takan zama magani idan ta zo bayan an saurari mutum, takan kuma zama murfi idan an faɗe ta don a rufe masa baki. Haka nan yarinyar da ke zabura da dare akan ce iska ce ta taɓa ta. Addu'a da tofi suna kwantar da hankalin mai imani, kuma ba su hana zuwa asibiti. Abin da ke cutarwa shi ne duka da ɗauri da turaren barkono, domin duk suna ƙara tayar da mai gadin nan da muka yi bayani.

Taimakon Farko

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu ƙungiyoyi suka fitar da jagora kan taimakon farko ga wanda ya firgita, wanda ba sai likita ba ne zai yi shi. Matakansa uku ne: dubawa, saurarawa, sadarwa. Ga yadda za a yi amfani da su a gida da makaranta.

Na farko, a haɗa yaro da iyayensa ko wanda ya saba da shi, a tabbatar ya ci ya sha, yana kuma da wurin kwana. Kada a raba 'yan'uwa in da hali.

Na biyu, a gaya masa gaskiya daidai fahimtarsa. Idan mahaifinsa ya rasu, kada a ce ya yi tafiya, domin zai yi ta jiran dawowarsa, ran da ya gane kuma ya daina yarda da manya. A fito fili a shaida masa cewa ba laifinsa ba ne.

Na uku, a saurare shi idan ya so magana, amma kada a tilasta masa ba da labari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da tsarin nan na zaunar da wanda ya firgita a sa shi ya kwashe labarin duka a zama ɗaya, domin ba a ga amfaninsa ba.

Na huɗu, a maido da tsarin yini da wuri: lokacin abinci, lokacin makaranta, lokacin wasa, lokacin barci. Ko a ƙarƙashin itace ne, malami ya tara ɗalibansa. Malamin da ya ga ɗalibi ya koma baya bayan musiba, ya ajiye bulala ya tambayi dalili.

Na biyar, a koya masa numfashi a hankali: ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake ta ta baki yana ƙirga shida, na 'yan mintoci. Tsawaita fitar da numfashi yana motsa jijiyoyin da ke rage bugun zuciya.

Na shida, a kiyaye shi daga hotunan gawarwaki da ake yaɗawa a wayoyin hannu, kuma kada a saya masa maganin barci a kemis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan ba yara magunguna irin su baliyam saboda firgici.

Yaushe Za a Je Asibiti?

A hanzarta kai yaro wurin ma'aikacin lafiya idan ya ambaci kashe kansa ko ya yi yunƙurin haka, idan ya daina ci da sha, idan yana jin muryoyi ko ya rikice, idan ya faɗa shan ƙwaya, idan an yi masa fyaɗe, ko idan alamomin sun wuce wata guda ba sauƙi. Tambayar matashi a fili ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin, hasali ma takan ba shi damar neman taimako. Daga asibitin yanki akan tura mai larura mai tsanani zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Babban maganin ciwon firgici a wurin yara zama ne da ƙwararre, inda ake koya wa yaro fuskantar abin da ya faru sannu a hankali har ƙwaƙwalwa ta ajiye shi a matsayin abin da ya wuce.

Gaskiya ne ƙwararru sun yi ƙaranci, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'umma fiye da miliyan 200. Amma akwai mafita da aka jarraba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya soma tsarin kula da masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke zama da ɗan'uwansa a cikin jama'a. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci. A Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su riƙa sauraron masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna tsarin yana aiki. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince da haƙƙin majinyaci.

Kammalawa

Mun ga cewa firgici aiki ne na jiki mai sassa da sinadarai sanannu, cewa alamominsa sun bambanta da shekarun yaro, kuma mafi yawan yara suna warkewa idan suka sami babba mai natsuwa da makaranta da karɓuwa a cikin jama'a. Abin da ya rage shi ne aiki. Ya kamata hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha ta riƙa haɗa kayan agaji da mutanen da aka horar kan taimakon farko, a kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya, tare da malaman boko da na allo da ungozomomi da limamai, cikin harsunan da mutanen wurin ke ji. Ɗaliban jami'a 'yan asalin yankin kuma suna da rawar takawa wajen nazarin kalmomin da Badande ko Bafulatani ko Bahaushe ke amfani da su idan zuciyarsa ta ƙuntata, domin ma'aikacin lafiyar da bai san kalmar ba zai ba da maganin ciwon ciki ya sallami yaron da firgici ke ci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaran da ke kwana cikin fargaba a bakin Kwara yau su ne manoma da malamai da iyayen Bagudo na gobe.